Ɗan mitsitsin teriya ko matsakaici: wanne ne karen ɓera na gaske?

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon farautar ɓera a gonakin Ingila zai gane abin da ke jan hankalin mutane zuwa ga karnukan nan da ake kira teriya. Mutum biyu ko uku ne riƙe da shebur, a gindin ɗakin kaji ko kan tulin taki, karnuka biyar ko shida sun kewaye su, jiki na ɓari, kowanne ya kafe bakin rami da ido. Ana ɗaga ƙasa ɓera ya fito a guje. Kafin ya yi nisa wani kare ya cafke shi a bayan wuya, ya girgiza sau biyu, ya yar, ya koma bakin rami. Karnukan ba manya ba ne, da yawansu ba su kai gwiwar mutum ba. Daga nan sai tunani ya zo wa mai gidan kaji ko mai sito: tunda ƙaramin kare ne ke wannan aiki, ashe wanda ya fi ƙanƙanta zai fi iyawa? Zai shiga lungun da babba ba ya shiga, cinsa kaɗan ne, wurin kwanansa kwali ɗaya ya isa. Masu sayar da Yorkshire Terrier kuma ba sa mantawa su gaya maka cewa asalinsa karen kama ɓera ne a masaƙu.

Maganar asalin gaskiya ce. Sai dai tsakanin karen masaƙa na shekarun 1860 da wanda ake taje wa gashi a ɗaure masa goshi da ƙyalle a yau, akwai sama da shekara 150 na kiwo da wata manufa daban. Ra'ayina, tun kafin mu yi nisa: mai neman kare don aikin ɓera ya nemi mai nauyin kilo 5 zuwa 8, wanda iyayensa suke yin aikin. Na ƙasa da kilo 4 yana da inda yake amfani, kuma zan faɗi wurin, amma ba shi ne za a ɗora wa nauyin gidan gona ba.

A fara da sanin abokin karawar. Ɓeran da karnukan Ingila ke fama da shi shi ne mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ke haƙa rami ƙarƙashin daɓe da bakin magudanar ruwa. Baligi kan kai giram 300, ƙosasshen namiji yana iya kusantar rabin kilo. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, da su yake huda katako da roba har da bututun dalma. In ya ga ba hanyar gudu juyowa yake yi, ya miƙe kan ƙafafun baya ya kai cizo a leɓe ko a hanci, in ya kama kuwa ba ya saurin saki. Macen tana ɗaukar ciki na kwana 21 zuwa 23, ta zubo 'ya'ya shida, takwas, goma, ta sake ɗaukar wani cikin ba da jimawa ba. Saboda haka kashe ɗaya ko biyu a mako ba ya rage komai. Aikin da ake nema daga kare shi ne ya kashe da yawa a lokaci ɗaya, cikin sauri, ba tare da an ji masa ciwo ba.

Kare kuma ba da taunawa yake kashe ɓera ba. Kamu ɗaya ne a wuya ko kafaɗa, sai girgiza mai ƙarfi da ke karya ƙashin baya nan take. Ƙarfin wannan girgizar daga wuya da muƙamuƙi yake fitowa. Ɓera mai giram 400 a bakin kare mai kilo 7 bai kai kashi ɗaya cikin goma sha bakwai na nauyinsa ba. A bakin kare mai kilo 2.5 kuwa ya kusa kashi ɗaya cikin shida. Na farkon zai ɗaga shi sama ya gama da shi kafin ɓeran ya samu damar lanƙwasowa. Na biyun sai ya yi ta kokawa, ya kama ya saki, ya sake kamawa, kuma a cikin wannan tsakanin ne cizo ke shiga fuska.

Hujjar masu goyon bayan ƙanana

Hujjarsu ba ta banza ba ce, ya kamata a ba ta haƙƙinta. A tsakiyar ƙarni na 19 ma'aikata daga Sikotland suka kwararo yankunan Yorkshire da Lancashire neman aiki a masaƙun ulu da auduga, suka zo da ƙananan karnukansu. Daga haɗuwar waɗannan da karnukan da suka tarar ne Yorkshire Terrier ya fito. Karen da ake ɗauka uban wannan jinsi, Huddersfield Ben, an haife shi a 1865, keken doki ya take shi a 1871. A 'yan shekarun nan ya ci kyaututtuka a gasar baje kolin karnuka, ya kuma ci a gasar kashe ɓera. Abin lura shi ne nauyinsa ya kai wajen kilo 5. 'Ya'yansa da jikokinsa ne aka yi ta zaɓen ƙananan cikinsu, domin su ne matan masu hali ke saye da tsada, har aka kai ga ƙa'idar da ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Birtaniya ke bi a yau, cewa Yorkshire kada ya wuce kilo 3.2.

Babbar hujjarsu kuwa wani kare ne baƙi mai ratsin ja da ake kira Tiny, na wani mai mashaya a Landan, Jemmy Shaw. Nauyinsa kilo 2.5 ne kacal, wuyansa don siranta warwaron mata ake sa masa a madadin abin wuya. A watan Maris na 1848, da kuma Maris na 1849, Tiny ya kashe ɓera 200 cikin ƙasa da awa ɗaya a mashayar Blue Anchor. Har zanensa aka yi yana tsakiyar ɓeraye, mutane sun kewaye shi, kuma gidan tarihin birnin Landan yana riƙe da zanen. Babu mai jin wannan labari ya ce ƙaramin kare ba shi da zuciya.

To amma a duba wurin da abin ya faru. Fage ne da aka kewaye da katako, faɗinsa taku kaɗan, an shafa masa farin fenti, an haska shi da fitila. Ana juyo ɓeraye daga keji, su kuwa don tsoro sai su taru a jikin katako su hau kan juna. Ba rami, ba buhu, ba duhu, ba inda za su gudu. Karen bai nemo su da hanci ba, bai tono su ba, bai bi su a guje cikin taɓo ba. Caca ce ake yi, kuma ƙa'idar cacar ita ce ta ba ƙananan karnuka daraja, domin sau da yawa gwargwadon nauyin kare ake ƙidaya masa ɓerayen da zai kashe. Mai ƙaramin kare yana da rangwame tun kafin a fara. Harkar ta bunƙasa ne bayan dokar 1835 ta hana wasan haɗa kare da bijimi da haɗa karnuka faɗa, ta bar ɓera ba kariya. Shaw ya shaida wa ɗan jarida Henry Mayhew cewa yana sayen ɓeraye masu rai kimanin 26,000 a shekara. Ni dai a ganina wannan zalunci ne da aka mayar nishaɗi, kuma ƙarewarsa a farkon ƙarni na 20 alheri ne. Kashe ɓera don tsare abinci daban, tara shi a kashe don kallo daban.

Ko a cikin fagen ma lissafi bai goyi bayan mafi ƙanƙanta ba. A watan Afrilu na 1823 wani kare mai suna Billy, mai nauyin wajen kilo 12, ya kashe ɓera 100 cikin minti 5 da daƙiƙa 30 a fagen Westminster. A 1862 Jacko, shi ma na Jemmy Shaw, mai nauyin wajen kilo 6, ya kashe 100 cikin minti 5 da daƙiƙa 28. Wato kowane ɓera daƙiƙa uku da ɗoriya. Na Tiny in aka raba ya haura daƙiƙa goma sha biyar kan kowane ɗaya. Gaskiya ne aikin awa guda ba ɗaya yake da na minti biyar ba, gajiya tana shiga. Duk da haka tazarar ta yi yawa da za a ce gajiya ce kaɗai. Kuma wanda ya fi kowa sauri a tarihin fagen ba mafi girma ba ne, ba kuma mafi ƙanƙanta ba, mai kilo 6 ne. A gona, inda ɓeraye goma ke iya fashewa daga rami ɗaya su watse ta ko'ina, waɗannan daƙiƙu su ne bambanci tsakanin a kashe takwas da a kashe ɗaya.

Abin da ƙanƙanta ta ci a jikin kare

Nan ne abin ya fi damuna, domin a nan kare ne ke biyan bashin zaɓin da ubangidansa ya yi. Zuciyar teriya ba ta san girman jikinta ba. Ɗan Yorkshire mai kilo biyu da rabi zai iya faɗa wa ɓera da iyakar gaskiyarsa, jikin ne ba zai ɗauka ba.

Kowane baligin kare haƙora 42 gare shi, babba ko ƙarami. In aka matse muƙamuƙi sai haƙoran su cunkushe, wasu haƙoran nono su ƙi faɗuwa su tsaya kusa da sababbi, datti ya taru, dasashi ya ruɓe. Ciwon haƙori na daga cikin manyan matsalolin ƙananan jinsuna, alhali haƙori shi ne makamin aikin gaba ɗaya. Ƙasusuwan ƙafar gaba sirara ne, tsalle daga kan tulin buhuna ya isa ya karya su, kuma karayar a irin waɗannan karnuka tana wuyar ɗori. Ƙoƙon gwiwa yana yawan gocewa. Maƙogwaron Yorkshire yana da rauni, yakan lotsa har kare ya riƙa tari mai ƙara, ga shi aikin ɓera cikin ƙura da dusa da hayaƙi ake yin sa. Ƙananan sosai kuma sukarin jininsu na saurin faɗuwa in suka daɗe suna aiki ba su ci ba. Waɗanda ake tallatawa da cewa za su shiga kofin shayi, su ko maganarsu ba ta taso ba. Ba jinsi ba ne da wata babbar ƙungiyar kiwon karnuka ta amince da shi, ƙanana ne daga cikin ƙanana, masu larura tun daga haihuwa.

Sai gashi. Teriyan aiki ko dai gajeren gashi gare shi mai santsi, ko mai kaushi da wani lallausa a ƙarƙashi, wanda ke tare ruwa da ƙaya da ma wani ɓangare na cizo. Gashin Yorkshire na yau dogo ne mai laushi, ba shi da na ƙarƙashi. Ya shiga ɗakin kaji sau ɗaya zai fito da kashin kaji da dusa da ƙaiƙayi sun dunƙule a jikinsa. Ana iya aske shi, amma askin ba zai ƙara wa fata kauri ba.

Guba ma da nauyin jiki take aiki. A duk inda ɓera ya yi yawa akwai yiwuwar wani ya riga ya zuba magani. Abin da kare mai kilo 7 zai lasa ya yi jinya ya tashi, shi zai iya kashe mai kilo 2.5.

Labarin Yorkshire ba shi kaɗai ba ne. Affenpinscher na Jamus, Griffon na birnin Brussels da ke gadin barga ta masu keken doki, ɗan karen Prague wanda sunansa ma na mai kama ɓera ne kuma yau bai kai kilo 3 ba, duk hanya ɗaya suka bi: daga barga da kicin zuwa cinyar uwar gida. English Toy Terrier, dangin Tiny na kusa, mai kilo 2.7 zuwa 3.6, shi ne a ganina mafi dama-dama a wannan aji. Gajeren gashi gare shi, dogon baki, ga zafin nama. Sai dai ya yi ƙaranci har ƙungiyar Birtaniya ta sa shi cikin jerin jinsunan gida da ke fuskantar ɓacewa, don haka samunsa ma aiki ne. Toy Fox Terrier na Amurka yana kusa da shi a hali da girma.

Masu kilo biyar zuwa takwas

Jack Russell shi ne wanda aka fi gani a gonaki. Sunan wani limamin coci ne na yankin Devon, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, ya kuma fara kiwonsa da wata karya mai suna Trump da ya saya a Oxford wajen 1819. Don fito da yanyawar Turai daga rami aka ƙirƙire shi, wannan ya sa yake da ƙirji siriri da ƙafafu masu gudu. Yana da sauri, yana da hanci, ba ya gajiya. Aibinsa shi ne in ba a ba shi aiki ba zai nemo wa kansa: ya tone gindin katanga, ya yi ta haushi, ya bi kyanwar maƙwabta. Patterdale, baƙin karen tsaunukan arewacin Ingila, ya fi shi taurin kai da ƙarfin kamu, kuma ba karen mai koyo ba ne. Border Terrier, mai kilo 5 zuwa 7, fatarsa na da kauri, gashinsa da kaushi, ya fi su sanyin hali da zama lafiya da sauran karnuka. In gidan akwai yara, shi zan fara dubawa. Manchester Terrier ya ɗan fi su tsawo, gudu gare shi, a buɗaɗɗen fili ya fi ƙarfi.

Akwai wani misali da nake ganin ya fi dogon musu amfani. Brian Plummer, malamin makaranta ne a Birtaniya wanda ya mayar da farautar ɓera sana'ar rayuwarsa, har ya ƙirƙiro jinsin da yau ake kira da sunansa. Mutumin da ya sa ɓera a gaba haka, da ya tashi gyara Jack Russell bai nemi ya rage masa girma ba. Jinin Beagle, wani karen farauta mai bin sawu, ya ƙara masa don hanci, da na teriyan tsauni da Bull Terrier don kai da muƙamuƙi. Haka ma wata ƙungiya ta New York da Richard Reynolds ya kafa a 1995, masu fita da dare farautar ɓera a lungunan da ake tara shara. Karnukansu Border ne da Jack Russell da Patterdale da Dachshund da makamantansu. Sun raba aikin gida biyu: masu kutsawa cikin ledojin shara su koro ɓera, da masu tsayuwa a waje su cafke.

Wanda ya nace sai ƙarami, to ya tsaya a kan Norfolk ko Norwich. Su ne mafi ƙanƙanta a cikin teriyan da har yanzu suke da jikin aiki: tsayin santimita 25 a kafaɗa, nauyi wajen kilo 5, gajerun ƙafafu masu kauri, faffaɗan kai, gashi mai kaushi. Jinsi ɗaya ne a da, sai a 1964 aka raba su a Birtaniya, mai kunne a tsaye Norwich, mai kunne a kwance Norfolk. A barga da rumbunan gabashin Ingila suka yi suna. Ka ɗora hannu a wuyan Norfolk, sannan ka ɗora a na Yorkshire, tsayinsu bai bambanta sosai ba, amma hannunka zai gaya maka wanda zai iya girgiza ɓera. Matsalarsu tsada, 'ya'ya kaɗan suke haihuwa, kuma yawancin na yanzu daga gidajen ado suka fito.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi sunan jinsi muhimmanci, wato iyaye. Jack Russell ɗin da kakanninsa huɗu suka ƙare rayuwarsu a kan kujerar falo zai iya ganin ɓera ya kauce, gauraye marar takarda da aka haifa a gidan gona kuma ya zama gwani. Da yawa daga cikin karnukan da ake gani a bidiyon nan gauraye ne. Kafin ka biya kuɗi ka nemi ganin uwar tana aiki. In mai sayarwa ya ce takardar asali kawai yake da ita, to takardar ce kake saye.

Ina ƙaramin yake da amfani? A kan ƙananan ɓerayen ɗaki masu giram ashirin ko talatin, Yorkshire mai kuzari zai yi aiki sosai, a kanti ko ɗakin ajiya mai tsabta. Hancinsa kuma bai ragu da jikinsa ba. Zai tsaya a bayan buhu ko gindin bango ya yi ta haushi, ya nuna maka daidai inda za ka kafa tarko ko ka toshe. A cikin garken karnuka ma yana iya zama mai shiga ƙarƙashin katakon da aka jera kaya ya koro. Wannan aiki ne na gaske, kuma wanda ya riga yana da irin karen a gida ya yi amfani da shi a haka. Kashe manyan ɓeraye a bar wa wanda ya fi shi wuya.

Dalilin da ake cewa ƙarami zai bi ɓera cikin raminsa kuwa ba ya tsayawa. Bakin ramin ɓera bai wuce faɗin tafin hannu ba, babu karen da ke shiga. A Ingila mutane ne ke fito da shi, da shebur, ko da wata 'yar dabba mai dogon jiki da ake kira feret, ko da hayaƙi. Sukan ɗauki injin zarto su cire masa sarƙa, su jona tiyo a salansa, su cusa a rami. Kare a waje yake jira, wani lokaci da dogon kare mai gudu irin Whippet a bayan fage don masu tserewa. Dokar farauta ta 2004, wadda ta hana farautar yanyawa da karnuka a Ingila da Wales, ta bar ƙofa a buɗe ga ɓera, muddin a gonarka ne ko da izinin mai gona. Manoma kuma suna komawa ga karnuka ne saboda guba ta fara gazawa. Tun 1958 aka gano ɓerayen da maganin warfarin ba ya kashewa a Sikotland, kuma gubar da ta fi shi ƙarfi tana bin gawar ɓera ta kashe mujiya da shaho.

Wani zai ce kyanwa fa? Ga ƙaramin ɓera babu kamarta. Ga babba kuwa, wani bincike da Michael Parsons na jami'ar Fordham da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya sa kyamarori a wata cibiyar tara shara a Brooklyn mai ɓeraye sama da ɗari. Cikin kwana 79 kyanwoyin wurin ɓera biyu suka kashe.

In a ƙasarmu za a yi aikin

Duk abin da ya gabata labarin Turai da Amurka ne, kuma wanda zai kawo shi Kano ko Maraɗi sai ya sake lissafi. Ɓeran gidajenmu galibi baƙin nan ne mai hawa rufi da azara. Kare ba ya hawa bango, don haka ko gwanin teriya ne rabin aikin sama yake, ya fi ƙarfinsa. A ƙasa kuma akwai gafiya, wadda kan kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato kusan rabin nauyin Yorkshire. Haɗa su ganganci ne. Karen mafarautanmu na gida, wanda ya saba da rana da kaska da ƙaya, ya fi kowane ɗan mitsitsin kare na waje dacewa da ita, kuma ba a biyan kuɗin jirgi a kansa. Ramin da ɓera ya haƙa ma a nan ba ɓera kaɗai ke kwana ciki ba. Teriya kansa yake fara cusawa, kububuwa ko gamsheƙa kuma ba ta tambayar jinsi, sai dai dafin ya fi saurin gamawa da ƙaramin jiki.

Zafin Maris zuwa Mayu yana wahalar da masu gashi biyu irin Border da Norfolk. Masu gajeren gashi sun fi: Jack Russell mai santsi, Rat Terrier na gonakin Amurka, ko farin teriyan nan na kudancin Sifaniya da ke gadin rumbunan inabi a Jerez, wanda ya tashi a ƙasa mai zafi. Aikin kuma da asuba ko bayan magariba za a yi shi, da ruwan sha a kusa.

Akwai kuma cuta. Ƙaramin ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa ake kamuwa. Gawar da kare ya kashe kada a taɓa ta da hannu, a kwashe da shebur a binne da zurfi ko a ƙone, kada kuma a bar yara su yi wasa da karen bakinsa da jini. Fitsarin ɓera yana ɗauke da wata cutar da ke lalata ƙoda da hanta, a kare da mutum duka, kuma akwai allurar rigakafinta ga kare. Ita da ta haukan kare wajibi ne a yi su wurin likitan dabbobi kafin kare ya ga ɓeransa na farko. Ta fuskar addini, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin ajiye kare. Karen da ke zaune a gidan gona yana tsare hatsi ya fi kusa da wannan rangwame a kan na ado da ke kwana a falo, kuma wanda ke son bayani dalla-dalla ya tuntuɓi malaminsa.

Kare ba zai maye gurbin gyaran sito ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ɗaga buhuna kan katako, a janye su daga jikin bango har mutum ya iya wucewa, a share dusar da ta zube, a toshe ramuka da siminti, a sa wa ƙasan ƙofa kwano. Wannan tazarar da ke tsakanin buhu da bango ita ce ma hanyar da karen zai bi. A gidan kaji lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kwashe kaji, kafin a zuba sababbi. Kuma in za a kawo kare, a daina zuba shinkafar ɓera kwata-kwata, a tattara wadda aka riga aka zuba.

Ɗan kwikwiyo kuma a saba masa da kaji tun yana ƙarami, yana ɗaure da igiya, a tsawata masa duk sanda ya zabura, domin teriyan da bai san kaza ta gida ce ba zai iya yi maka ɓarnar da ɓera bai yi a wata guda ba. Kada a haɗa shi da babban ɓera sai haƙoransa na girma sun gama fitowa, wajen wata bakwai, gara ma a jira ya kusa shekara. Ranar farko a bar shi ya kalli babban kare yana aiki, sannan a sake shi a fili inda ɓeran ke gudu, ba a lungun da zai juyo ya yi faɗa ba. Bayan an tashi a duba leɓe da hanci da ƙasan haɓa, a wanke duk inda haƙori ya taɓa da ruwan gishiri mai ɗumi, in wurin ya kumbura washegari a kai shi wurin likita.